Murfin Tankin Injiniya Wahabu

Wahabu ɗan Issa mahauci a Zongon Sokodé aka haife shi, gida huɗu tsakaninsu da namu. Yana ɗan shekara uku shan inna ya kama shi, ya bar masa ƙafafu biyu sirara kamar muciya, don haka da rarrafe ya girma. Ni sunana Mudathir, direban babbar mota ne, ina kai doya arewa in dawo da albasa. Tare muka yi makaranta da shi har aji huɗu, kuma ni nake goya shi in ƙetare kwatar da ke bakin ƙofa. Bai taɓa ce mini na gode ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne ƙashin bayana yana sukarsa.

Haka yake tun yana ƙarami, in ka tausaya masa ka zama abokin gabarsa. Abin da aka rage masa a ƙafa an ƙara masa a hannu da baki. Shi kaɗai ya koyi gyaran rediyo da tocila, ya kafa ɗan teburi a bakin tasha, yana zaune a ƙasa yana yi wa masu wucewa baƙar magana. Har ya kai shekara ashirin da shida duniyarsa ba ta wuce gida da tasha da masallaci ba, kuma abin da ya fi sani a jikin mutanen Sokodé shi ne gwiwoyinsu.

Da tsohonsa ya ji jiki ya fara ƙi, sai ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya ɗora Wahabu a mota zuwa Dapaong wurin wani amininsa, Malam Garuba. Garuba maƙerin tukwanen dalma ne da ya koma walda da feƙe ƙarfe, irin mutanen nan da ba su yi boko ba amma in suka kalli inji sau ɗaya sun gama da shi. Wata huɗu Wahabu ya yi a gidansa yana ci yana sha, Garuba yana auna tsawon hannunsa da igiya. Ya sami tsohon babur mai hayaƙi ya yanke shi, ya yi masa ƙafa uku da akwati a baya, ya mayar da birki da giya duk a hannu. Tankin baƙin mai da ke ɓoye can ƙarƙashin kujera, inda gurgu ba zai kai ba, ya cire ya yar. Ya narka tsofaffin tukwane ya zuba wani sabo, ya ɗaure shi a gaba inda hannu zai kai daga zaune, ya feƙe masa murfi na tagulla. Haƙoran murfin na hagu ya yanka, wato inda kowa ke murɗawa ya kwance, nan wannan yake ƙara ɗaurewa. Ya ce don kada masu ɗan hali su ji daɗinsa. Da za su rabu abu ɗaya ya roƙa: duk wanda ya tambaya a Sokodé, a ce masa Garuba na Dapaong ne ya yi.

Ina nan ranar da ya shigo Zongo a kan abin. Layi ya cika, mata suna leƙowa ta katanga, mahauta sun bar nama ga ƙudaje. Wani ya tambaya wa ya ƙera wannan, wani kuma ya ce cikin raha ai shi ne mana, ba ku ganinsa da rediyo? Na kalli Wahabu. Ya buɗe baki, ya dubi fuskokin da ranar ya fara gani daidai da tasa, ya mayar da bakin ya rufe. Tsohonsa ya san gaskiya amma yana kwance, bai ƙara wata biyu ba ya rasu. Ni ma na sani, na yi shiru, don a lokacin na ji daɗin ganin abokina da girma.

Daga nan sunan Injiniya ya bi shi, kuma ba zan rage masa ba, ya yi aiki. Ya karɓi rabon burodi daga wani gidan burodi na Zongo, da sassafe ya cika akwati ya bi ƙauyukan hanyar Aouda, da yamma ya dawo da gawayi da ƙwan zabi. Ya auri Salamatu mai wara, wato cukun nono, suka haifi uku. Baburin nan shi ne ƙafarsa, shi ne abincinsa, shi ne ya sa in ya yi magana a majalisa ake saurare. Gyaransa kuwa a zaure yake yi, ƙofa a rufe, kuma ya iya ƙananan gyare-gyaren da ya gani a wurin Garuba. Babu bakaniken da ya taɓa sa masa hannu.

Sai kai ya kumbura. In ya taso daga rabo ya tsaya a garejin Issifou, wani Bakotokole da ke shugabancin ƙungiyar bakaniken babura, ya kashe inji ya zauna yana gyara musu aiki da baki a gaban masu kaya. Sunan da ya sa musu shi ne masu canza buji, wato fulogi. Ni kuma ɗan dako mai sitiyari. Wata shekara wani gidan rediyo ya gayyace shi ranar nakasassu, ya zauna ya ba da labarin yadda ya kwana huɗu yana tunanin tankin baƙin mai kafin dabara ta faɗo masa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Murja. Ita ma gurguwa ce, tana sayar da goro a bakin masallacin Juma'a. Ta tara abin da za ta tara, ta zo ta roƙe shi ya ƙera mata irin nasa. Kalma biyu kawai zai faɗa, Garuba, Dapaong. Sai ya ce mata kayan aiki sun yi wuya, ta dawo bayan salla. Shekara tara tana dawowa bayan salla.

Shekararsa goma sha biyu a kan baburin murfin ya ɓata. Ranar kasuwar Aouda ce, ya tsaya wurin wata mata mai sayar da mai a kwalabe, ya zuba baƙin mai, sai aka kira la'asar. Ya ɗora murfin ya ce ta ɗaure, ya juya yana alwala. Matar ta yi abin da kowa zai yi, ta murɗa dama, murfin ya ƙi shiga, ta danna shi da tafin hannu ta ga ya zauna. Ko'ina cikin kilomita talatin na ramuka ya faɗi, Allah kaɗai ya sani. Kwana biyu Wahabu da Salamatu suna bin hanyar a hankali suna duba ciyawa, ba su ga komai ba.

Ya zaga duk masu sayar da kayan babur na Sokodé da sunan yana nema wa wani. Murfin jarka, murfin tankin mota, murfin fitilar ƙwai, babu wanda ya kama, don duk na dama ne, kuma bakin tankin ba girman na kanti ba ne. Ya feƙe totuwar masara ya naɗe da tsumma ya cusa. Mai yana tsartuwa a rigarsa, ƙasa tana shiga, ga damina ta kawo kai. Ya san in ruwa da yashi suka sauka cikin inji, ya gama. Ya kuma san aikin bai fi ƙarfin Issifou ba. Amma yaya Injiniya zai shiga garejin masu canza buji ya ce a yi masa murfi? Mutane har sun fara tsokanarsa, suna cewa yaushe za a feƙe sabo, shi kuma yana cewa tagulla mai kyau yake jira daga Lomé.

Wata safiya ina ɗaure tamfol a kan doya sai ga shi. Ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya ce in akwai wuri a bayan mota yana son zuwa Dapaong, kuma kada kowa ya ji. Na ce me zai yi a Dapaong. Ya ce na sani. Na ce ban sani ba, ya faɗa mini. Ya faɗa, kansa a ƙasa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Muka ɗora baburin a kan buhunan doya, muka ce wa 'yan tasha biki za shi.

A hanya bai yi magana sosai ba. Mun wuce Bafilo, mun wuce Kara, sai wajen Mango ya ce ya sayo wa Baba Garuba turare da yadi biyar na shadda, ko ina ganin sun isa. Na ce tun yaushe rabonsa da shi. Ya ce tun ranar da ya baro gidan.

Washegari da hantsi muka sami Garuba a ƙofar gidansa bayan kasuwa. Rumfar tana nan, amma wasu masu walda ne ke haya a ciki, shi kuma yana zaune a benci cikin babbar riga, hannuwansa duka a ciki. Ya tsufa ƙwarai, sai dai idon yana nan. Ya kalli baburin da muka sauke kafin ya kalli mai shi, kuma ya fi daɗewa a kan baburin. Da idonsa ya kai kan totuwar masara sai ya yi ɗan murmushi.

"Lale da Injiniya," in ji shi. "Mun ji ka a radiyo."

Ashe wani direba ne ya kawo masa hirar a waya tun shekarar da aka yi ta, kuma ya haddace ta. Ya maimaita wa Wahabu maganar kwana huɗu yana tunanin tanki, kalma da kalma. Wahabu ya sauko ƙasa, ya ja jiki har gabansa, ya ajiye shadda da turare, ya ce Baba a yi haƙuri, bushon ne ya faɗi, wato murfin tankin. Garuba bai ko kalli kayan ba. Ya kira masu waldar ya ce su bar abin da suke yi, yau babban baƙo ya zo daga Sokodé zai koya musu yankan haƙoran hagu. Ya sa aka ɗauko guntun tagulla, aka yaye buhun da ke kan tsohon injin feƙe ƙarfe, aka kunna.

"Ga inji, ga tagulla. Wanda ya yi na farko ai na biyu ba zai gagare shi ba."

Ƙarar injin ta jawo mutane. 'Yan zemijan da ke jiran fasinja suka matso da baburansu, mai ƙosai ta bar kaskonta, wani mutumin Naki-Est da ya zo da zabi a kwando ya ajiye ya tsaya. Hannun injin ya fi kan Wahabu tsawo, sai Garuba ya ce a ɗora Injiniya a kan durom. Mutum biyu suka ɗaga shi ta hammata suka dasa, ƙafafunsa suna lilo. Na ɗauka zai ƙi. Wallahi sai ya karɓi tagullar. Ya juya ta, ya nemi inda ake cusawa, ya kama wani maɓalli ya murɗa, injin ya yi wata irin ƙara, masu walda suka ja da baya suna dariya. Ya sake kama wani. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan ƙarfen. Garuba yana zaune yana ba shi ƙwarin gwiwa, yana cewa a bar shi, tunani yake yi, kwana huɗu yake ɗauka.

A nan ne na ciro wayata na fara ɗauka. Babu wanda ya sa ni.

Ya kusa kwata ɗin awa a kan durom ɗin kafin ya ajiye tagullar ya ce, "Baba, ban iya ba."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ban iya ba. Ba ni na ƙera moto ɗin nan ba. Kai ka yi shi, tun daga ƙafa har bushon. Ƙarya na yi."

Garuba ya tambaye shi shekara nawa yana ƙaryar, ya faɗa. Ya tambaye shi ko akwai guragu a Sokodé da suka nemi irinsa, ya ce akwai. Ya ce me ya hana a turo su. Wahabu ya tsura wa tagullar da ya ajiye ido. Sai Garuba ya ce akwai waɗanda ba su jin Hausa a wurin, a faɗa musu da yaren Moba. Wani ɗan zemijan ya fassara, yana ƙara gishiri, aka sake sabuwar dariya. Aka kuma faɗa da Faransanci saboda wani malamin makaranta da ya tsaya da kekensa. Duk wannan Wahabu yana kan durom, don ba zai iya sauka da kansa ba kuma babu wanda ya tuna ya sauke shi.

Da dariya ta lafa ya share fuska da hannun riga, ya ce a hankali, "To Baba, bushon ɗin?"

Garuba ya zaro hannuwansa daga cikin riga ya ɗaga su. Rawa suke yi, irin wadda ba ta tsayawa, yatsun suna kaɗawa kamar yana yayyafa ruwa.

"Shekara uku ke nan ko kofin shayi sai an riƙe mini. Da ka zo da wuri, da na yi maka goma. Waɗannan kuma," ya nuna masu waldar da haɓa, "a rumfata suke, ba wanda zai taɓa maka shi."

Ya sa aka kashe inji aka mayar da buhu. Ya ce a ɗauke shaddar a mayar mana a mota, shi likkafani ya rage masa kuma yana da shi. Ya miƙe ya shige gida. Ni na sauke Wahabu daga durom ɗin, jikinsa ya yi sanyi kamar wanda aka tsamo daga rafi.

Kafin mu gama lodin albasa na tura abin da na ɗauka a zauren direbobinmu na waya. Na sha tambayar kaina dalili. Zan iya cewa don Murja ne, kuma na faɗa wa mutane haka, amma ƙarya ce. Shekara goma sha biyu ina riƙe masa asiri yana kirana ɗan dako, na ga rana ta zo, na ji daɗi. Iyakar abin ke nan.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Kanté, ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya rufa asiri da abin ya faru a Dapaong, wa ya san shi a can. Ya ce yanzu zai lallaɓa ya sami Issifou a keɓe, ya ce masa hannunsa ne ke ciwo. Wayata tana ta motsi a aljihu, saƙo a kan saƙo. Na ce masa haka ne, dabara ce mai kyau.

Tun daga bakin tasha aka tarbe mu da "Ɗaga murya, kunnena ya tsufa." Har masu tallan ruwa sun iya. Salamatu ta gani a wayar wata mai sayen wara, a gaban mutane. Kwana uku Wahabu bai fito ba. A na huɗu ya hau baburin da totuwarsa ya tafi garejin Issifou, ya sauko ƙasa ya gaishe shi, abin da bai taɓa yi ba. Issifou ya goge hannu, ya zaga baburin, ya zare totuwar ya leƙa, ya mayar.

"Injiniya, wannan aiki shi fi ƙarfinmu. Mu buji kawai muke canzawa."

Duk garejin da ya je amsar ke nan, don ƙungiyarsu ta riga ta zauna a kansa. Daga baya Issifou ya faɗa mini aikin wuni ɗaya ne, a cire tankin a ɗaura na wani tsohon babur da tiyo mai tsawo. Na ce to ya yi masa mana. Ya ce ni da na tura hoton ne zan koya masa tausayi? Ban sake ta da maganar ba.

Murja ma ta je gidansa. Salamatu ta ce ba ta yi zagi ba, ta tsaya a bakin zaure ta tambaya ko tsohon yana karɓar aiki har yanzu. Wahabu ya ce hannunsa ya mutu shekara uku da suka wuce. Ta ƙirga a ranta, ta ce ashe shekara shida yana da hannu tana zuwa nan. Ta juya ta tafi.

Ya ci gaba da rabon burodi da totuwa, yana canza ta duk kwana biyu. Cikin watan Agusta ruwa ya kama shi a hanyar Aouda, totuwar ta jiƙe ta marmashe ta zuba ciki, ya matsa don ya kai gida, injin ya buga. A kan amalanke aka kawo su shi da baburin. Gidan burodi suka jira shi sati ɗaya suka ba wani hanyar. Ya koma bakin tasha, wurinsa na da, sai dai yanzu ba mai kawo rediyo, caja da rigar waya yake sayarwa a kan tabarma.

Wata biyu ina kewaye wurin, ina shiga tasha ta ƙofar baya. Ran nan aka rufe ta saboda gyaran kwata, dole na biyo ta gabansa. Ya kira sunana, na tsaya. Ya ce in sunkuyo. Ya ciro wayarsa, ya buɗe abin, ya riƙe mini ina kallonsa a kan durom.

"Na kalla ya fi sau talatin," in ji shi. "Ga hancin motarka can a gefe, na san daga inda aka tsaya aka ɗauka. Ba wannan nake dubawa ba."

Na ce Wahabu, ka saurare ni.

"Minti shida ne da rabi. Ina ta jira in ga inda hannunka zai yi rawa, ko sau ɗaya. Bai yi ba."

Ya mayar da wayar aljihu, ya juya ga wata mata da ta zo sayen caja.